Nauyin Jakar Callum

Ranar da Marnie Treloar ta fara ganin Callum, jakarsa ta fara kallo kafin fuskarsa. Yana tsaye a bakin shingensu, inda hanyar mota ta ƙare duwatsu suka soma, ya goya wata tsohuwar jaka da ta rinjayar masa da kafaɗa, yana tambayar ta ina ake bi zuwa mataccen jirgin.

A garinmu Tarrin ba a yi wa 'yan gidan Treloar wannan tambaya da wasa. Shekara ɗari da talatin ke nan da jirgin Ellen Marrack ya farfashe a duwatsun yamma. Mutum arba'in da ɗaya suka halaka, yarinya ɗaya ta fita da rai, ita ce kakar Wilf, mahaifin Marnie. Shi ya sa suke ganin wurin kamar maƙabartar gidansu. Mai zuwa yakan tafi da dutse ɗaya ya ɗora a kan tsibin da aka tara don mamatan, ya dawo yadda ya je. Ko ƙusa ba a ɗauka.

Marnie ta dubi takalminsa, ta dubi teku, ta ce masa in ya tafi shi kaɗai ruwa zai dawo ya rutsa da shi a kan hanya, kuma ita ba ta da lokacin neman gawar baƙo. Ya yi dariya ya ce to ta raka shi. Ta gaya wa kanta don ta sa masa ido ne kawai za ta je, amma ta san ƙarya take, dariyar ce ta ja ta.

Tafiyar awa biyu ce a kan duwatsu masu santsi, kuma sai ruwa ya janye ake iya yin ta. Tana gaba tana tsalle kamar akuya, yana baya yana haki. Duk dirar da ya yi sai ta ji ƙarfe ya bugi ƙarfe a cikin jakar.

"Me ke kuka a bayanka haka, Ɗan dako?"

"Filas ɗin shayi ne, Madugu."

Da suka isa ya fito da filas ɗin, sai ta ga na roba ne. Ta sha shayin ta mayar masa.

Abin da ya rage na jirgin bai wuce haƙarƙarinsa na ƙarfe da ƙatuwar tukunyar injin ba, duk tsatsa ta cinye su. Callum ya ɗora dutsensa a kan tsibin da ladabi, sannan ya roƙe ta minti goma shi kaɗai. Ya zaga bayan tukunyar da jakarsa, ya ɓace mata. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce iska ce.

Bai koma birni ba. Ya samu aikin gyaran injin jiragen masunta, ya kama ɗaki, ya ce sunansa Callum Hesketh. Kafin wata uku kowa ya san inda yake cin kifi da soyayyen dankali ranar Lahadi, da wadda yake ci da ita. Kullum da safe saƙonsa ke riga shayinta zuwa:

"Madugu, na tashi lafiya, amma ƙafata ta ƙi tafiya sai ta ga taki a gaba. Yaushe ruwa zai janye?"

Ita kuma ta mayar masa:

"Asabar, goma saura kwata. Ka zo da takalmin kirki, Ɗan dako. Ba na goyon ƙato."

Tana son sa, wannan ba ta musu. Sai dai so bai toshe mata kunne ba. Sau bakwai suka je jirgin, sau bakwai jakar ta yi kuka a hanyar zuwa, sau bakwai ya nemi mintinsa goma. A hanyar dawowa kuwa jakar takan yi shiru, shi kuma ya riƙa sauri kamar wanda aka biyo. In ta tambaye shi danginsa sai ya karkatar da hira zuwa gashinta. Ta rasa inda za ta ajiye wannan a zuciyarta.

Brodie ne ya nuna mata wurin ajiyewa. Shi ke tuƙa motar da ke kwasar ganyen tekun da Wilf ke ja daga duwatsu yana shanyawa, kuma ya daɗe yana ganin Marnie tasa ce, jira kawai yake ta gane. Wata rana ya shigo rumfar shanya yana murmushin mai albishir, ya tarar da Wilf da Marnie, ya ce ya leƙa bayan motar baƙon, ya ga cokula da fitilar tagulla a naɗe cikin bargo, duk sun yi koren ruwan gishiri. Ya ce abin a fili yake: guduma da zarto ke kuka a hanyar zuwa, a dawowa kuma an naɗe kayan sata da tsumma. Wa ya taɓa ganin ɓarawo yana tafiyar hawainiya?

Wilf ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Yana yaro ya ji ƙarar nakiyar da wani mutum mai suna Sprague ya sa wa jirgin, ya kwashe tagulla har da ƙararrawar jirgin, kakarsa tana zaune tana kuka. Har yau a Tarrin in yaro ya ɗauki abin da ba nasa ba, ce masa ake kada ya zama Sprague.

"Marnie, ban taɓa zaɓa miki ko riga ba," in ji shi. "Amma ba zan ba mai tonon kabari 'yata ba. Kada in sake ganin sa a shingena."

Ta ce, "Baba, ka ba ni Asabar ɗaya."

Ya ɗauki igiyarsa ya koma aiki, bai hana ta ba.

Marnie ta yi kwana uku tana juya maganar. In Brodie ya yi gaskiya, ita da ƙafarta ta kai ɓarawo kan mamatan gidansu, tana yi masa dariya. Ba ta son ta tambayi Callum, don bakinsa ya fi nata daɗi. Sai idonta ya faɗa kan sikelin da ke rataye a rumfa, wanda suke auna ɗaurin ganye da shi tun tana ƙarama. Sikeli bai san murmushi ba.

Ranar Asabar ta aike shi ya cika gorar ruwa a famfon baya, ta rataya jakar da sauri. Kilo goma sha huɗu. Suka tafi, ba ta tsokane shi ko sau ɗaya ba. Ya ɗora dutsensa, ya ɗauki mintinsa goma, suka dawo. A bakin rumfar ta miƙa hannu ta ce ya ba ta jakar. Fuskarsa ta canza, amma ya ba ta. Ta rataya ta a gabansa, ta riga ta shirya kalmar sallama a bakinta.

Kilo biyu.

Ta girgiza sikelin, ta sake ratayawa. Biyu dai. Ta zuge jakar: filas, rigar sanyi, ɓawon lemo.

"Callum, me kake barowa a can?"

Ya zauna a kan ɗaurin ganye. Ya ce Hesketh sunan gidan mahaifiyarsa ne. Sunansa na gaskiya Callum Sprague. Kakansa ya rasu bara, ya bar ɗaki cike da tagullar da bai taɓa iya sayarwa ba, bai kuma taɓa iya kallo ba, kuma kafin ya cika ya riƙe hannun jikansa ya ce a mayar. Shi ne yake kwasowa kaɗan-kaɗan yana zubawa cikin tukunyar injin, inda ruwa ke rufewa. Saura ƙararrawar, kilo arba'in ce, mutum ɗaya ba zai iya tsallaka duwatsun da ita ba.

"Na yi niyyar gaya miki tun ranar farko. Sai na ji kin zagi wani kare da sunan kakana."

Marnie ba ta yi dariya ba. Daɗi ya kama ta, haushi ya fi shi. Wata uku tana kiran mutum da sunan da ba nasa ba, har ta gwada haɗa sunan da nata a gaban madubi. Ta jefa masa jakar ta shige gida.

Kwana biyar ba ta amsa wayarsa ba. A na shida saƙo ya shigo:

"Madugu, na yi miki ƙarya a suna, ban yi miki a komai ba. Gobe zan je wurin Baba da sunana na gaskiya. In ya kore ni, daidai ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki bar ƙararrawar ta kwana a motata har abada."

Ta karanta sau huɗu, ta rubuta:

"Ka zo da safe kafin ya ga Brodie. Ka sa riga mai wuya."

Ya zo. Ya buɗe bayan motar a tsakar gida, ya yaye bargo, ya faɗi sunansa cikakke ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Marnie tana bakin ƙofa tana jiran aradu ta faɗo. Wilf ya daɗe yana shafa harufan da aka zana a jikin tagullar da babban yatsansa. Sannan ya shiga rumfa, ya fito da doguwar sanda da igiya.

"Ruwa zai janye sha ɗaya da rabi," ya ce. "Ni gaba, kai baya. In ka yar da ita, ka bi ta."

Awa huɗu suka yi a hanyar awa biyu, Marnie tana nuna musu inda za su taka. Sau biyu Callum ya zame, gwiwarsa ta fashe, bai saki sandar ba. Da suka isa ya nufi tukunyar injin da ita, sai Wilf ya tsaya cak. Ya ce wannan ta sha duhu ya isa. Suka kafa ƙarafa biyu a kan tsibin duwatsun suka rataye ta. Wilf ya miƙa wa Callum igiyar ya ce ya buga arba'in da ɗaya, kada ya yi sauri, kowane da mai shi. Ya buga yana kuka, wannan karon bai ce iska ba ce.

A hanyar dawowa tsohon ya yi magana ba tare da ya juyo ba. Ya ce shi fa ba zai bar 'yarsa ta yi ta tsallen duwatsu da saurayi ba aure ba, mutane suna da baki.

Marnie ta kama hannun Callum ta matse. Ta ce masa a hankali har yanzu ba ta huce ba, sai ya yi shekara hamsin yana ba ta haƙuri. Ya ce ya yarda, a ƙara masa goma.

An ɗaura auren a watan Fabrairu, ranar da ruwa ya fi janyewa. Rabin Tarrin suka tsallaka duwatsu da kayan biki da takalman aiki, har Brodie, wanda aka ɗora wa kwandon abinci don ya san nauyin jaka. Da limamin coci ya gama, Wilf ya taka zuwa tsibin ya kama igiyar. Ya ce an buga wa waɗanda teku ta ci, saura wadda ta fita, wadda ba don ita ba da babu amarya yau.

Ya buga sau ɗaya. Sannan ya juyo ya kama kafaɗar angon.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, Sprague," ya ce.

Shekara sittin ke nan ba a faɗi sunan nan a Tarrin da albarka ba sai ranar.