Rawanin da Ba Atiku Ya Naɗa Ba

Ranar kasuwar Goronyo, shekarar 1954, Sufeto Abdulƙadiri na 'yan doka yana rangadi aka zo masa da labari: Atiku manomin albasa ya sha fura ya yanke jiki ya faɗi, mutane na neman kashe mai furar da duka.

A ɗakin magani ya same su. Atiku na kwance yana minshari, kansa da farin rawani bisa cinyar wansa Lawwali. Kaltume mai fura na rakuɓe a lungu, leɓe a fashe. Ga jama'a cike da ƙofa, kowa ya zama likita.

"Mi ya samai?" in ji Sufeto.

"Guba ta, ranka shi daɗe," Lawwali ya amsa. "Ta kama mai zucciya."

Malam Halliru, malamin asibiti, yana riƙe da wuyan hannun Atiku, ransa a ɓace.

"Zucciyar dai ta rikice. Bugu arba'in a minti, ta tsaya, ta kuma sheƙa. Amma duba idon dama, ƙwayar ta buɗe, ta hagu ba ta buɗe ba. Guba ba ta zaɓen ido guda. In jini ya taru cikin kai ya matse ƙwaƙwalwa, zucciya ita ka hwara ruɗewa, alhali lahiyarta lau."

"Ka duba kan?"

"Tun hantsi nike roƙo. Wansa ya ce ba a tuɓe ma magidanci rawani gaban mata."

"In kan na, akwai dabara?"

"Likita a Sakkwato shina huda ƙashi shi hidda jinin. In an kai shi da wuri."

Sufeto ya tura ɗan doka ya tsayar da motar albasa mai zuwa Sakkwato, sannan ya tsuguna gaban Kaltume.

"Wa da wa sunka sha hurar?"

"Mutum tara, baba, ƙwarya guda. Shi ko leɓe ya jiƙa kawai. Ya ce kai ka sara mai, na miƙa ludayi ya kama iska."

"Kahin shi sha?"

"Kahin shi sha, wallahi."

Lawwali ya ce ƙarya take, lafiya lau suka rabu a fadama, shi ko taɓa ƙanensa bai yi ba yau sai da ya faɗi. Sufeto kuwa rawanin yake kallo. Kai, mutum ya shekara ashirin yana naɗi ai ba a yi masa wannan wasa!

"Lawwali, ƙanenka bahago na?"

"A'a."

"To mi ya sa naɗinai ya juya? Jelar ta sauko ta inda ba ta saukowa in mutum ya naɗa ma kainai. Wanga naɗin wanda ya tsaya gabanai na. Malam, warware."

Lawwali ya dafe rawanin da hannu biyu, sai da aka ɓamɓare masa yatsu. Sama da kunnen dama ga kumburi kamar ƙwan zabo, luguf, ba ɗigon jini. Likitocin bakin ƙofa suka fara sulalewa.

"Da mi ka buge shi?"

"Ƙotar kalmen noma," in ji Lawwali. "Ya buɗe ruwa cikin hwangalinai kahin nawa su cika. Sau guda na, ranka shi daɗe! Ya tashi da ƙahwahunai, har dariya ya yi. Shi ya ce, yaya, naɗa min rawani kada inna ta gani. Ni na naɗa mai."

"Da anka hau wagga baiwar Allah da duka, kana ina?"

Lawwali ya sunkuyar da kai.

Ɗan doka ya dawo yana haki. Mota ta tashi tun azahar, wata sai jibi. Haushi ya turnuƙe Sufeto, don tun hantsi motar na tsaye, taku ɗari daga ɗakin nan.

Malam Halliru ya matsa wuyan hannu, ya koma wuya, ya kara kunne a ƙirji. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya shafe idanun Atiku.

Aka sa wa Lawwali ankwa. A bakin ƙofa suka ci karo da wata tsohuwa tana dogara sanda, ta taho da jiƙon maganin guba a ƙoƙo. Ta dubi ankwar, ta dubi ɗanta.

"Lawwali, mi ka yi musu? To in sun tahi da kai, wa za shi kama min Atiku in ba shi wanga?"