Sunan da Na Haɗiye a Gaban Taro

"Malama, wa ya taimaki ajinki har suka ci gasar nan?"

Shugabar makarantarmu ce ta tambaya, ta miƙo min abin magana. Zauren ya cika maƙil. 'Yan ajina suna tsaye bayana riƙe da kofi, gefe ga matatar ruwan da suka haɗa da yashi da gawayi.

Umma tana layin farko. Kusa da ita malamar lissafi ce, wadda ta kai mata gulmar ina son mai kula da ɗakin gwaji, wai mai wankin kwalabe. Ita ma fa sonsa take! Tun ranar Umma ta hana ni zancensa.

Na hango shi jingine da ƙofa yana min murmushi. Wata uku ya yi yana tsayawa da yaran nan bayan an tashi.

"Ni... ni kaɗai ce."

Aka tafa. Ya sunkuyar da kai, ya fita.

Sai monitar ajina ta karɓi abin maganar.

"A yi haƙuri, Malama mantawa ta yi. Malam na ɗakin gwaji ne ya koya mana komai. Ranar da matatar farko ta fashe, shi ya hana mu kuka."

Yara arba'in suka ɗauki ihun "Malam! Malam!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ɗakin gwaji na same shi yana ta goge busasshen teburi.

"Ban manta ba," na ce, hawaye na zuba. "Tsoron idon Umma na ji... Ka yafe min!"

"Ba tafi nake nema ba, rabin raina. So nake ki iya faɗin sunana cikin mutane."

"To biyo ni."

A baranda muka tarar da Umma tare da malamar lissafi. Na durƙusa.

"Umma, ga wanda na danne wa haƙƙi. Kuma... shi nake so."

Ta juya ta dube shi.

"Kai yaran nan ke kira?"

"Ni ne, Umma," ya ce a durƙushe.

"Yau 'yata ta kunyata ni, kai kuwa ko uffan ba ka ce ba. Ka turo manyanka su ga babanta."

Malamar lissafi ta suri jakarta ta wuce.

Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, don 'yan ajina sun cika taga suna shewa.