Danna, Riƙe, Ɗaga Ƙafa

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, wayar hannu ta fara shiga gari, motar Malam Isyaku, tsohon direban ma'aikata, ta ƙi shiga giya a ƙofar gidansa da ke Tarauni. In an taka fedar kuloci sai ta nutse, ta ƙi dawowa. Aka kirawo Mu'azu makaniki daga Gyadi-Gyadi.

Ya tarar man kuloci ya yi ƙasa, robar kulocin ƙasa na yoyo. Ya canja ta. Saura fitar da iskar da ta shiga layin mai, aikin da mutum ɗaya ba ya yi: wani na taka feda, wani na ƙarƙashin mota yana kwance noti. Malam ya tafi masallaci, sai 'yarsa Saratu ta zauna kujerar direba.

"Danna. Danna. Riƙe!" Mai ya fito da kumfa, Mu'azu ya ɗaure notin. "To, saki."

Fedar ba ta ɗago ba.

"Na ce saki."

"Malam makaniki, yau ka fara ganina, har ka kai ga saki?"

Ya yi dariya har ƙarfe ya buge masa goshi. "Tuba nake. Ɗaga ƙafa, ranki ya daɗe."

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo: "Direbata, yaya feda?"

Ta mayar: "Ta yi ƙarfi, Injiniyana. Zuciyata ce ta nutse."

Da maganar aure ta kai kunnen Malam Isyaku, ya murtuke fuska. "Na san gidansu. Ubansa mata nawa ya kora? Saki a bakinsu yake kamar gaisuwa. Ga Lawan ɗan ƙanena, da shagonsa a Unguwa Uku."

Saratu ta sha kuka, ta rubuta: "Baba ya ƙi. Kada ka zo."

Amsa ta dawo: "Na ji, Direbata. Zan riƙe."

Haka aka ci damina. Ran nan fedar ta sake nutsewa, wannan karon robar sama ce, kuma Allah ya yi a bakin garejin su Mu'azu. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya yi gyara, Malam ya zauna kan feda yana cin magani.

"Danna, Baba. Riƙe. To, ɗaga ƙafa."

Malam ya leƙo ta taga. "Kai yaro, na tsufa a hannun makanikai, kowa saki yake cewa. Kai ina ka samo ɗaga ƙafa?"

Mu'azu ya fito yana goge hannu, kansa a ƙasa. "Saratu ce ta hana ni, Baba. Tun ranar ban ƙara faɗa ba, abokan aiki har dariya suke mini. Dama ba son kalmar nake ba. Ina tsaye a zaure innata ta fita da kayanta a ka."

Malam ya gyara zama. Ya taka fedar, ya ji ta tsaya daram.

"Ta riƙe," ya ce. "Ka turo manyanka."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam ya kama hannun ango.

"Mu'azu, danna zuciyarka. Ka riƙe."

"Na ukun fa, Baba?"

"Babu na uku."

Saratu ta yi murmushi cikin mayafi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, amin.