Cinikin Cikin Laka

Ku matso kusa. Barira, ja ƙofar nan. Kai kuma Ɗanjuma, in ka san dariya za ka yi, tashi tun yanzu, don ba na maimaita magana. 'Ya'yan ƙanin ubana ne ku, babu bare a ɗakin nan, shi ya sa zan faɗa.

Kun san ni. Duk kasuwar Malumfashi babu wanda bai san Kande mai busasshen kifi ba. Dillalai in sun hango ni sai su gyara zama. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ba a taɓa cuta ta a ciniki ba. Wannan alfaharin ne ya kusa binne ni.

Shekarar da Malam ya rasu, bayan na fita takaba, 'yata ta fari ta aiko in je in huta a wurinta. Kun san ta, wadda Gwaggo ta riƙa, mai aikin asibiti a Kalaba. Ban taɓa kama sunanta da bakina ba, ba kuma yau zan fara ba. Ita ma ba ta taɓa ce mini Inna ba. Yaya take ce mini, don a hannun Gwaggo ta buɗe ido ta ji kowa na faɗin haka. Ku riƙe wannan.

Ranar hutunta ta ce za ta kai ni wani daji da baƙi ke zuwa kallon namun dawa. Na ce ni da na tashi a ƙauye, wane daji za a nuna mini? Ta ce wannan a cikin ruwa yake tsaye.

Gaskiyarta. Itatuwa ne iya ganinka, ƙafafunsu a cikin ruwan gishiri. Saiwoyinsu ba a ƙasa suke ba, a waje suke, sun lanƙwaso kamar ƙafafun gizo-gizo. Aka sa mana wasu riguna masu kumburi, muka shiga kwalekwale mai inji, mu da wasu Turawa masu na'urar hoto. Muka ga birai. Muka ga kada tana shan hantsi baki buɗe. Wata Baturiya sai tambayar ayu take yi.

Mai yi mana jagora wani dattijo ne, Mista Etim. Ya yi zaman Kaduna, Hausarsa ba laifi. Da muka isa wata doguwar gadar katako da ta ratsa cikin dajin, ya tsayar da mu ya kafa doka. Kada kowa ya sauka daga kan gadar, don ruwan nan tafiya yake yi ya dawo. Sannan in wani ya yi mana talla a ciki, kada mu tanka.

Na tambaye shi dalili.

"Babu kasuwa a nan, Hajiya," ya ce.

A raina na ce na gane. Na ga rumfunan kifi a bakin shiga. Na 'yan uwansa ne, so yake mu saya a can. Ba yau na fara ganin dillali ba.

Lokacin rana ta take tsaka, ruwa ya janye sarai. Ƙarƙashin gadar sai baƙar laka mai sheƙi, da ƙaguwoyi ƙanana birjik. In inuwarka ta faɗa kansu, duk sai su shige rami lokaci guda. Maganar dawowar ruwa kuwa ban sa ta a ka ba. A garinmu in rafi ya janye, sai wata damina.

Gwiwata ta dame ni, na ce su yi gaba zan taho a hankali. 'Yata ta tsaya tana jira, na kore ta. Na ce ni ba tsohuwa ba ce. Suka sha kwana, muryoyinsu suka ɓace.

Ƙamshi na fara ji. Bandar kifi, irin wadda aka yi da itace mai kyau, ba a gaggauta ba.

Na leƙa. Wata mata ce tsaye a ƙasa, kusa da wani ɗan tsani, da faranti a hannu. Baƙin zane ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali. Kifin kuwa, tun da nake sana'a ban ga irinsa ba. Jajir, a naɗe, mai yana ƙyalli a jikinsa. Na ce a raina in na san inda ake yin wannan, na rabu da dillalan Malumfashi har abada.

Na ce, "Baiwar Allah, na sayarwa ne?"

Ta ɗago kai. Leɓɓanta suka motsa, suka tsaya, sannan muryar ta iso.

"Taya."

Da Hausa. Ba irin ta Mista Etim ba, irin ta tsofaffin ƙauyenmu. Ya kamata in yi tunani a nan. Ban yi ba. Na tattare zane na sauka.

Na taya rabin abin da na san ya dace, kamar yadda na saba. Kun san ƙa'idar kasuwa. In tayi bai yi wa mai kaya ba, albarka zai ce, kowa ya kama gabansa. In ya yi masa, ya ce ya sallama. Ita ba ta faɗi ko ɗaya ba.

"Ƙara," ta ce.

Na kushe kifin. Na ce hayaƙi ya yi masa yawa, na ce ba zai kai Arewa ba. Na miƙa hannu in juya guda, sai na ga farantin ya yi wa hannuna nisa da ɗan kaɗan. Na matsa. Na ƙara tayi. Ta ce in ƙara. Na sake matsawa.

Ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba. In na ƙifta ido ne sai in ga ta yi baya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ciniki ya yi daɗi, na manta gwiwa, na manta laka. Can na ce bari in yi mata dabarata da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na yi tsaki, na ce ta riƙe kayanta, na juya kamar zan tafi, ina jira ta kira ni.

Babu gada.

Na duba dama, na duba hagu. Saiwoyi ne kawai, sun sarƙe kamar shinge, kowace bishiya irin 'yar uwarta. Sawuna ma babu, laka ta shafe. Tsuntsaye sun yi shiru. Na yunƙura in ɗaga ƙafa, lakar ta riƙe ni har ƙwauri. Takalmina ya tafi.

Sai a lokacin na kalli ƙafafunta. Ƙaguwoyin da ke gudun inuwar mutum, hawa kanta suke yi suna sauka. Ƙafafun kuma ba a kan laka suke ba. Daga gwiwa sun rabu gida-gida, sun lanƙwasa sun shige ƙasa, ɓawo-ɓawo.

Na kama Ƙulhuwallahu, ita na fi riƙewa. Ina kai tsakiya sai in koma farko.

Sai na ji ɗumi a ƙafata. Ruwa ne. Ba ƙara, ba igiya, ba hadari a sama. Tahowa kawai yake ta tsakanin saiwoyi, a hankali, kamar wanda ya san gidansa. Ya rufe ƙwaurina. Ya kai gwiwa.

Na ce mata na fasa ciniki, ta nuna mini hanya.

Ta ce ba a fasa ciniki a nan. Ta ce amma ta tausaya mini, in ɗauki farantin duka, kyauta.

Daga nesa sai na ji murya. Muryar 'yata, ba ko tantama.

"Inna. Inna, kina ina?"

Matar ta karkata kai. "Ga 'yarki can tana nemanki. Kira ta."

Na ɗaga murya na ce, ke, ga ni nan. Muryata ta faɗi a gabana kamar an jefa dutse a laka.

"Dajin nan ba ya kai murya sai da suna," ta ce. "Kama sunanta. Za ta zo."

Ruwa ya kai ƙugu. Zanena ya yi nauyi. Wani abu ya goge ni a cinya ya wuce, na tuna kadar da muka gani. Wallahi na buɗe baki. Sunan ya zo har kan harshena. Amma harshen da bai taɓa ɗaukar abu ba, ba ya ɗauka rana ɗaya. Kunya ta riƙe shi. Ba wayo ba ne, kunya ce kawai.

Da ta ga ban kama sunan ba, sai ta ƙara. Ta ce ban da faranti za ta buɗe mini hanya har bakin gada. Ta ce za ta nuna mini inda ake bandar, in riƙa sarowa ni kaɗai. Ruwa ya kai ƙirji.

Sai ta ce, "Har da wannan."

A bayana, daf da kunnena, na ji gyaran murya. Irin wadda Malam ke yi a zaure kafin ya yi sallama. Sau biyu, ta biyun ta fi tsawo. Ba wanda ya san ta sai ni.

Ta ce in na kama sunan, zan ji sallamar tasa ma.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma cikin kukan wani abu ya faɗo mini. Tun ina yarinya a gindin uwata a kasuwa na san cewa mai kaya ba ya ƙara gyara ba a roƙe shi ba. Wanda ke ƙari yana ƙari, ba sayarwa yake ba. Saye yake. Ashe tun ɗazu ba ni ce mai tayi ba. Ni ce mai kaya, kayan kuma sunan 'yata.

Muryar ta sake kira. "Inna."

Inna. Yarinyar da ba ta taɓa ce mini Inna ba.

Na share fuska da hannu mai gishiri, na kalle ta ido cikin ido, yadda nake kallon dillali.

"Albarka," na ce.

Fuskarta ta yamutse kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce ni na fara tayawa.

"Na taya, ba ki sallama ba. Kin taya, ban sallama ba. Albarka. Kasuwa ta tashi."

Leɓɓanta suka yi ta motsi, murya ba ta iso ba. Farantin ya zame daga hannunta ya hau ruwa. Ina kallo, kifayen nan busassu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka karkaɗa wutsiya suka nutse. Da na ɗago kai, babu mace. Wata gajeriyar bishiya ce a gabana, rassa biyu a miƙe.

Lakar ta sake ni, amma ruwa bai fasa hawa ba. Na kama saiwa na ja jiki na hau. Wasu abubuwa masu ɓawo da ke manne a jiki suka yayyanka tafin hannuna, ga tabon nan. Na samu reshe na rungume. Ruwa na lasar ƙafata, hanya babu, suna kuma ba zan kira ba.

Sai na yi abin da na iya. Na cika ƙirji na yi talla, irin wadda nake yi ranar kasuwa.

"A sayi kifi, na Kande ba ƙaya, ba tsutsa."

Na yi ta yi har maƙogwarona ya bushe. 'Yata ta ce suna cikin kwalekwale suna zagaye, ta ji tallar daga inda ba su zata ba. Ta ce wa Mista Etim duk duniya mutum ɗaya ke jan wannan kalmar ta ƙarshe haka.

Da suka ciro ni bai yi mini faɗa ba, bai tambayi abin da na gani ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Hajiya, kin kira wani?"

Na ce a'a. Ya sauke numfashi, ya kalli 'yata, ya kau da kai. Sai da muka kusa gaci ya ce mini a hankali, wanda ya kira yakan fito. Wanda aka kira ne ba ya komawa gida.

'Yata kuwa ta rantse Yaya take ta kira har muryarta ta dushe. Ni ban ji ko sau ɗaya ba.

Da daddare ina kwance zane, na ji ƙulli a bakinsa, ni kuwa ban ƙulla komai ba. Kifi ne guda, jajir, a naɗe. Limamin unguwarmu ya ce kada in ci, kada in sayar, kada in bai wa kowa. Yana cikin kwano a ƙarƙashin gadon nan da kuke zaune. Bai ruɓe ba, ƙwaro bai taɓa shi ba. Sai dai kullum yakan jiƙe, ya yi ta ɗigar ruwan gishiri, sannan ya bushe don kansa.

Ba ruwan ne ke hana ni barci ba. Gyaran muryar nan ce. Wani dare nakan kwanta ina sauraron zaure.

Saboda haka in Allah ya kai ku dajin nan, ku kalli biranku, ku kalli kadarku. Kada ku bari ayari ya sha kwana ya bar ku. Kada ku sauka daga katako. In an yi muku talla, ku haɗiye yawu ku wuce. In kuma kun ji muryar gida tana kira, ku saurara da kyau ku ji da wane suna take kiranku.

Ɗanjuma, ɗaga ƙafarka daga ƙasa. Ɗigar nan da kake ji ba randa ba ce. Kifin ne, ruwa ya dawo a can dajin.