Garin Masarar da Ya Zube a Kufai

Daga wanki muke dawowa. Kawu Merwin ne ya kai mu garin Winslow ni da Kaka, wurin injinan wanki, don a ƙauyenmu ruwa ba abin wasa ba ne. Kayan na baya cikin ledoji, motar duk ƙamshin sabulu. Rana ta yi ja.

Ba a daɗe da binne Mama ba. Ban yi kuka ba. Ban kuma ci abin kirki ba tun ranar. Ba ƙi nake ba, yunwar ce ba ta zuwa. A wurinmu kowa ya san ma'anar haka, mamaci ne ke jan na raye. Na ji mata na faɗa a ƙofar gida, wai in ban saki Mama ba zan bi ta kafin girbi. Na ji su sarai. Kamar maganar wata suke yi.

Da muka zo kwanar kufai, tsohon ƙauyen kakanninmu da aka killace don masu zuwa kallo, Kaka ta daki kujerar Kawu.

"Karya nan."

"Inna, sun kusa rufe ƙofa fa."

"Su rufe min gidan kakannina? Karya na ce, sarkin gardama."

Mai gadi ya leƙo, ya ga Kaka, ya duba agogo, ya ɗaga mana hannu. Babu mota ko ɗaya a ciki. Kaka ta ciro ƙunshin farin garin masara daga ƙirjinta, irin wanda muke addu'a da shi, ta danƙa min.

"Verla, gwiwata ba za ta hau tudun nan ba. Ke za ki je. Ki barbaɗa wa mutanen da can, ki ce su riƙe uwarki da kyau, ke da sauranki a nan. Sai ki juyo. Ko me kika ji, kar ki amsa."

"Ni kaɗai?"

"A'a, bari a kira miki sojoji," in ji Kawu. "Wuce mana, matsoraciya. Muna hango ki."

Na cusa ƙunshin a aljihun rigar sanyina, na kama hanya.

Siririyar hanya ce ta siminti. Rusassun bangaye hagu da dama, ɗakuna ba rufi. Tsingaro ko'ina a ƙasa, masu ratsin baƙi da rawaya. Baƙi masu zuwa kallo sun tsince wasu sun jera a kan duwatsu, kamar kayan talla. Can nesa ina jin ƙugin manyan motoci a kan titi. Iska na warin laka daga rafi.

Da na kai sama na zaro ƙunshin. Ya kwance. Abin da ke ciki bai kai cokali ba. Na barbaɗa shi. Na buɗe baki in faɗi abin da Kaka ta ce, ba abin da ya fito. Na tsaya kawai. Sai na juyo.

Farin layi ne a kan hanya. Siriri. Daga ƙafata har ƙasa wajen mota.

Na sa hannu a aljihu, yatsana ya fita ta ƙasa. Hujin nan ne da Mama ta ce za ta ɗinke min.

Ƙaramin yaro ma a wurinmu ya san wannan. Layin gari a gicciye rufe hanya ne. Layin da ya miƙe tare da hanya kuwa, gayyata ce. Ana ja wa wanda ake so ya biyo ne.

Ƙugin motocin ya ɗauke. Iskar ma.

Sai na ji niƙa. Ƙurr. Ƙurr. Dutse a kan dutse, daga wani ɗaki da ba komai cikinsa sai yashi. Wani ya amsa daga can. Sai wani. Ƙamshin masara a kan dutse mai zafi ya cika min hanci, da hayaƙin itace.

Tsingaron da aka jera suka fara motsi. Ƙas, ƙas, ƙas.

Na fara sauka. Ban yi gudu ba.

Ana bina. Sawu ne ba takalmi, da yawa, ba sa sauri. In na tsaya su tsaya.

A cikinsu akwai mai silifas. Tana jan ƙafa ɗaya.

Na san wannan tafiyar. Kullum da safe ita ke tashina.

Na hango Kawu ya fito daga mota. Ya kalli layin, ya kalli bayana. Fuskarsa ta koma kamar toka.

"Verla." A hankali ya faɗa, da ƙyar na ji. "Kar ki ɗago kai. Rufe hanyar."

"Garin ya ƙare, Kawu."

"Kakkaɓe aljihun."

"Zo ka ja min."

"Hannunsa ba zai yi ba," in ji Kaka ta taga. "Ke kika buɗe, 'yar nan."

Na juyar da aljihun a tafina. Gari kaɗan, da zare, da ƙura. Na tsuguna, na juya ina kallon ƙasa. Layi huɗu ake ja a gicciye, kamar yadda aka yi ranar da aka sallami ruhin Mama.

Na ja na farko.

Silifas ɗin suka tsaya a gabana. Ban gan su ba. Garin da ke kan hanya na gani ya lotsa.

Na biyu.

"Verla."

Ba muryar ban tsoro ba ce. Muryarta ce ta kullum, ta gajiya.

"Kin ci abinci?"

Bakina ya buɗe da kansa. Na cije harshe har na ji gishiri.

Na uku.

Numfashi a tsakiyar kaina. Ƙamshin gashinta.

Na fara na huɗu. Na murza yatsu. Na sake murzawa. Ya kusa kai bakin hanya, garin ya ƙare. Saura kamar faɗin tafin hannu.

Kawu ya finciko ni ta wuyan riga, ya jefa ni mota. Ko ƙofa bai rufe da kyau ba. Ya ja motar sai gida. Ledojin wanki ne kawai ke ƙara a baya.

A gida Kaka ta turara ni da hayaƙi, ta wanke min kai. Ta tambaye ni ko layin sun cika. Na gyaɗa kai alamar e. Ban san me ya sa ba. Ina jin gajiya ce.

Washegari na ci abinci. Yanzu ina ci sosai, har ƙari nake yi. Matan ƙofar gida sun ce na warke. Kawu ya dawo da tsokanarsa, wai zan talauta shi. Kaka na kallona tana murmushi, tana ƙara min miya.

Ba na jin ɗanɗanon komai. Ba na ƙoshi kuma. Ci kawai nake, ina kallon kwanon yana raguwa.

Jiya da yamma na lura da hannun da ke kai cokali bakina. Na hagu ne.

Ni ba bahaguwa ba ce. Mama ce.