Uban Riƙo

"Haba rabin raina, ai Baba uban riƙo ne kawai!" in ji saurayinta. "Tunda mahaifinki ya dawo, shi ya kamata ya kama hannunki ya shigo da ke coci ranar aurenmu."

Ta dube shi, ta laluba zuciyarta ko za ta samu haushi. Babu komai a ciki.

Mahaifin nata ya tafi tun tana cikin zanen goyo, ya dawo da furfura da sabuwar kwat, daidai lokacin da aka buga katin biki. Allah ya yi masa baiwar sanin lokaci.

"Kin yi shiru, zuciyata..." in ji saurayin.

"Na ji."

Ta samu Baba, wanda ya raine ta, a kan tsani cikin coci, yana zanen haihuwar Yesu a bango. Shugaban kwamitin coci na tsaye a ƙasa yana faɗa.

"Mai zane, ka ɓata aiki! Kafintan nan, mijin uwar Yesu, a baya ake sa shi, tsoho, da sandarsa. Ya za ka ɗora masa jaririn a ƙirji? Ba ɗansa ba ne fa!"

"Uwar ta gaji, Shugaba," Baba ya ce, bai ko juyo ba. "Wani dai zai riƙe shi."

Da Shugaba ya fita, ta matsa gindin tsanin.

"Baba, sun ce wai wanda ya haife ni, shi zai shigo da ni."

Buroshin ya ɗan tsaya.

"To, 'yata. Kwat ɗinsa ta fi tawa kyau a hoto. Miƙo min shuɗin can."

Ta miƙa. Nan ta lura kafintan ya tallafe kan jaririn da hannun hagu, babban yatsansa a karkace. Ta san yatsan. Shi ya sha goge mata majina.

Ranar aure maza biyu na tsaye a ƙofar coci. Mahaifinta ya miƙo hannu mai ƙamshin turare. Ta gaishe shi da ladabi, kamar yadda ake gaida baƙo, ta wuce wajen Baba.

"Ke, fentin hannuna bai fita ba," Baba ya raɗa mata. "Zan ɓata miki riga..."

"Riƙe ni, Baba. Ba sunanka ke nan ba?"

Ya riƙe. Shuɗin fenti ya zauna a farin hannun rigar. Ango ya hango daga gaba, ya buɗe baki, ya dubi bangon, ya rufe.

Sai a tsakiyar coci kukan ya zo mata.