Keken da Tela Ya Ce An Sace

Yankakken kwaɗo, bel ɗin keken ɗinki, da wani mai sayar da yadi sanye da ankwa. Abin da Sufeto ya ɗauko a mota ke nan, suna hanyar komawa caji ofis.

Da safe wani tela ya kai ƙara cewa an fasa shagonsa an ɗauke kan keke. Mai Yadi yake zargi, don Mai Yadi na binsa bashi.

"Ranka ya daɗe, ni na kai shi kotu," in ji Mai Yadi. "Alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa ba ni duk wata. In na sace keken, da me zai biya ni? Da almakashi?"

Sufeto ya jujjuya bel ɗin. A rataye ya same shi jikin ƙusa, an zare shi a tsanake. Kwalbar man keke kuwa babu ita a shagon. Wane ɓarawo ne zai tsaya neman mai?

"Juya, gidan Tela," ya ce da direba.

Ɗaki ɗaya ne. Matar Tela na kwance, ta rame, kwalayen magani jere a taga.

"An kamo shi, yallaɓai?" Tela ya tambaya.

"Ina ka ajiye man kekenka?"

"Ɓarawon ya haɗa da shi."

"To me ke ƙamshi a nan?"

Sufeto ya durƙusa ya jawo wani ƙunshin zane daga ƙarƙashin gado. Kan keken ne, an shafe shi da mai, an sa ɗan ƙyalle ƙarƙashin allura kada ta karye.

Tela ya zauna daɓas a ƙasa.

"Tun da ta kwanta na kasa biya. Na je roƙon kotu ta rage min, aka ce in kawo shaidar cewa hali ya canja. Na ɗauka sai takardar 'yan sanda cewa an yi min sata."

"Ga shaida kwance a kan gado, ka je ka sa an ɗaure mutum," in ji Sufeto.

"Maigida, wa zai karɓo min magani gobe?" matar ta tambaya.

A ƙofar gida aka cire wa Mai Yadi ankwa aka sa wa Tela. Sufeto ya rufe ƙofar motar da kansa.

"Gobe kotu," ya ce. "Zan faɗa wa alƙali ƙaryarka, zan kuma faɗa masa abin da na gani a kan gadon nan."